Akwatin Yaya Na-Iran

Sau biyu yake buga kafaɗata idan ya hau bayan babur. Na farko yana nufin ya zauna, na biyu yana nufin in tafi. Kafin mu wuce masallacin unguwa ya riga ya kafa bakinsa a kunnena na dama: "Auta, me ya sa muka zama haka?" Ba amsa yake nema ba, gyaran murya ne kawai. Daga nan har mu shiga Ajingi ba abin da zan ji sai labarin mutanen Iran.

Ku da kuka zauna a ajinsa kun san tambayar. Ko akuya ce ta shigo aji, sai ya ajiye alli, ya cire tabarau ɗin nan da ya ɗaure ƙafarsa da zare, ya dubi akuyar, ya dube ku, ya ce, "Me ya sa muka zama haka?" Ku ne kuka ce in rubuta wani abu a kansa tunda shekara ta zagayo. Ni a aji shida na tsaya, noma da acaba na sani, don haka abin da na gani kawai zan faɗa. In kun ji ɗaci a wani wuri ku yi haƙuri, ba da mamaci nake ba. Da Alhaji Bukar nake, shi kuwa yana nan da ransa, zai iya kare kansa.

Sunan yayana Habibu, amma a Gaya in ba ka ce Malam Na-Iran ba, ba wanda zai nuna maka gidan. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma mu biyu muka rage a ɗakinmu. Na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, bai daina ce mini Auta ba. Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba.

Yadda Iran ta shigo gidanmu, faci ne ya kawo ta. Yana koyarwa a firamare ya shiga karatun digiri na ƙarshen mako a Kano. Ranar da za a raba batutuwan da kowa zai rubuta kundinsa a kai, motar da ya shiga ta yi faci sau biyu kafin Wudil. Ya isa an gama zaɓe. Wani ya ɗauki matsalar ruwan sha, wani ya ɗauki 'yan ci-rani, wani kasuwar ƙauye. Abu ɗaya ya rage a ƙasan takarda, wanda kowa ya tsallake: yadda tunanin ilimin zamantakewa ya fara a wurin masanan Iran. Malaminsu ya tausaya masa, ya ce ya dawo wani makon a nema masa mai sauƙi. Yaya ya ce, "A'a. Wannan ne ya tsaya ya jira ni."

Abin da ke cikin batun na haddace shi ba da son raina ba. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, in ji shi, Rasha ta ci mutanen nan da yaƙi, 'yan kasuwarsu da ma'aikatansu suka yi ta fita waje, suka ga yadda wasu ƙasashe ke tafiya, suka dubi tasu, sai tambaya ta kama su. A da, in gari ya lalace, cewa ake yi sarki ne mugu, a jira na gaba. Su kuwa sai suka fara duba doka, da makaranta, da kasuwa, da yadda ake renon yaro, da dalilin da ya sa talaka ke rawar jiki gaban mai mulki. A lokacin babu jami'ar da ke koyar da wannan a ƙasarsu, daga baya ta zo ta tarar da tambayar ta yi tsawo. Aikin Yaya shi ne ya gano wanda ya fara yin ta.

A cikin karatun nan ne ya ga cewa wasu daga cikin na farkon fatake ne. Shi ke nan, sai ya shiga neman ɗan kasuwa mai tunani, ya samo Alhaji Bukar, mai sayen gyaɗa a kasuwar Ajingi, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun da daɗewa.

"Ɗan kasuwa shi ke ganin gari biyu a rana ɗaya," in ji Yaya.

Na ce, "Ni ma ai gari biyu nake gani, wata rana har huɗu."

Ya ce, "Kai hanya kake gani."

Tun daga nan, duk ranar kasuwar Ajingi ni ne mai kai shi. In mun isa, Alhaji Bukar zai miƙe ya tarye shi da hannu biyu, ni kuma ya ɗaga mini haɓa: "Direba, sannu da hanya." Sai su zagaya bayan buhunan gyaɗa, su shimfiɗa tabarma, su haɗa kai, su rage murya. Ni in koma gindin darbejiya wurin 'yan acaba. In na kawo musu ruwa, maganar sai ta yanke, su koma tambayar juna ko an yi ruwa a gabas. Shekara ashirin da biyu ana haka. A hanya kuwa, in surutun ya ishe ni, nakan jefa masa magana ɗaya ko biyu don ya yi shiru. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Kai dai kalli hanya."

Shekarar da zai miƙa kundin, babi ɗaya ya rage masa. Sai ya wayi gari ya ce wa matarsa, Yaya Rabi, ta haɗa masa kaya, zai yi hijira.

"Hijira kuma, Malam? Wa ya kore ka?"

"Ba wanda ya kore ni, ita ce matsalar. Waɗancan mutanen sai da suka bar ƙasarsu suka gan ta da kyau. Daga Santambul suke rubutu, daga Masar, daga Indiya. Mutum ba ya ganin garinsu yana zaune a ciki."

"To kai ina ka nufa?"

"Toranke."

Yaya Rabi ta ajiye tsintsiya. "Toranken da Sule ke zuwa ya dawo kafin azahar?"

Ni ne Sulen, kuma ni na kai shi, gidan wata gwaggonmu. Kwana arba'in ya ɗiba wa kansa. Rana ta uku ya aiko in zo maza. Ashe jarida ya kafa! Da hannu ya rubuta ta, guda huɗu, duk a kan abin da ke damun Gaya: kwatar da kowa ke tsallakewa ba mai gyarawa, da yadda muke durƙusa wa mutumin da muke zagi in ya ba da baya. Ya kwance bakin buhun gyaɗa, ya cusa su can ciki, ya ɗinke.

Na ce, "Yaya, buhu na me? Ga aljihuna."

"Haka ake yi. Su a cikin kayan fatake suke ɓoye jaridunsu, a ɗora wa alfadari, a shigar da su ƙasar 'yan sarki ba su gani ba."

"Ai taka ba wanda ya hana."

"Shi ya sa dole a ɓoye ta. Abin da ba a hana ba, wa zai karanta?"

Na ɗaure buhu a babur, na tambayi masu rabo. Ta farko ta Alhaji Bukar ce, in bi ta Ajingi. Ta biyu ta shugaban makaranta, ta uku ta mai unguwa, ta huɗu in liƙa a tasha. Na tsaya ina jiran in ji tawa. Babu. Ni ne alfadarin.

Haushi ne ya sa na yi magana, ba ilimi ba. Na ce, "Yaya, shi mai alfadarin fa? Wanda ke ɗauko jaridun ya keta duwatsu da su, ya ga ƙasar wasu, ya dawo ya ga tasu, zuwa bayan zuwa. Shi bai taɓa tambayar me ya sa suka zama haka ba? Ko don bai iya rubutu ba ne ba ku sa shi a ciki?"

Ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya ce, "Rana tana yi. Ka kula da ramin nan na wajen gada."

Jaridar tasha ba ta yi awa ɗaya a bango ba, mai ƙosai ta ɓalle ta, ta yayyaga, ta ƙunsa wa mutane ƙosai. Na je na ba shi labari, kuma ba zan ɓoye ba, da ɗan jin daɗi na je. Ya ɗaga hannu sama: "Alhamdu lillahi! Ta shiga hannun talakawa." Hijirar kuwa a kwana na tara ta ƙare. Ya ce ya ga abin da zai gani. Yaya Rabi ta ce, "Miyar gwaggo ya gani." Amma kundin bai miƙa ba. Abokan karatunsa suka sa riga da hula suka ɗauki hoto, shi ya ce akwai sauran aiki. Shekara ta bi shekara, akwai sauran aiki. Kowa ya ce taurin kai ne. Ni ma haka na ce.

Sai shekarar da goro ya yi tsadar da ba a saba ba. Bayan sallar Juma'a Yaya ya miƙe a majalisar ƙofar gida, ya ba da labarin yadda wani sarkin Iran ya damƙa wa Bature duk cinikin tabar ƙasar, mutane suka daina shan taba gaba ɗaya, har matan gidan sarkin, sai da aka soke yarjejeniyar. "Ranar nan ne suka gane su jama'a ne, ba taron mutane ba. Mu ma daga yau, Gaya ta daina cin goro!"

Dattawa suka ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," bakunansu jajawur.

Mutum ɗaya ne ya amsa kiran a duk faɗin garin. Ni. Ni da ba na iya tayar da babur sai da ɓari a kumatu. Wata biyu na yi ina fama: ciwon kai, hamma, faɗa da iyali ba dalili, rannan saura kaɗan in kai wata tsohuwa cikin gonar dawa. Amma ina jin daɗi a raina, don na ce yau dai ga wani abu da ni da Yaya muke ciki, ba Bukar.

Wata ranar kasuwa hadari ya taso, na zagaya bayan buhuna in ce masa mu kama hanya. Me zan gani? Alhaji Bukar ya ɓare ƙaton farin goro, Yaya na taunawa, ido a lumshe.

"Yaya!"

Ya haɗiye a hankali, bai ko razana ba. "Auta, a wane gari aka kira yajin?"

"Gaya."

"Nan ina ne?"

"Ajingi."

"To."

Alhaji Bukar ya miƙo mini ɓari, yana dariya har hularsa na rawa. "Karɓi, Direba, kai ma ai ka tsallako iyaka." Ban karɓa ba. Har yau ban koma cin goro ba. Ba don Iran ba. Don kada Bukar ya ce shi ya dawo da ni.

Kun kuma san abin da sunan Iran ke jawowa a wurinmu. An yi lokacin da aka fara raɗe-raɗin Malam ya sauya aƙida. Wani ɗan kamasho ya faɗa a gabana a tasha, na ajiye babur muka daku, ya fasa mini leɓe. Na je wurin Yaya da jini a riga, ina tsammanin zai ce sannu. Ya zaro takarda da fensir. "Zauna. Wa ya fara? Mutum nawa suka raba, mutum nawa suka tsaya kallo? Masu kallon, me suke cewa?" Dattawan unguwa dai suka roƙi Liman ya je ya ji ta bakinsa cikin hikima. Liman ya shiga zaure bayan azahar. Sai da ladan ya leƙo sau biyu saboda la'asar kafin ya samu ya fito, yana riƙe da kansa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya sauya ɗin?"

Ya ce, "Sule, aƙidarsa lafiya lau. Ya ce ba addinin mutanen yake bi ba, tambayarsu yake bi. Iyalinsa dai za a sa a addu'a."

Tsimi kuwa, ban ga na biyunsa ba. Fensir in ya ƙare har yatsa ba ya kama shi, sai ya soka guntun a cikin kara ya ci gaba. A bayan tsofaffin takardun jarrabawarku yake rubutu, ya ɗinke su da allura da zare da kansa, ya zuba a koren akwatin ƙarfen nan da mabuɗinsa ke rataye a wuyansa. Wasu cikinku sifilin da kuka ci a lissafi yana nan a ajiye, da tarihin Iran a bayansa. Wata shekara da gyaɗata ta yi kyau, na shiga Kano na sayo masa sababbin littattafan rubutu guda goma sha biyu, masu shuɗin bango, da biro mai kyau. Ya jujjuya su, ya shinshina, ya ce, "Waɗannan sun yi kyau da yawa. Sai abu mai muhimmanci." Ya jefa su akwati ya kulle. Ban sake ganinsu ba. Ranar kasuwa kuwa, ɗinkakkun takardunsa yake ɗauka ya tafi wa Bukar da su. Na ce a raina, ko kyautata ma ba ta isa a yi rubutu a kanta ba.

Ciwon da ya tafi da shi wata uku ya yi. Ana saura mako biyu ya ce sai an kai shi Ajingi. Yaya Rabi ta hana, na hana, ya ce to zai tafi da ƙafa. Ba ya iya zama a babur shi kaɗai, sai na ɗaure shi a bayana da rawani, kamar goyo. Na ji hannunsa a kafaɗata, sau ɗaya. Na jira na biyun, bai zo ba, na tafi a hankali. Muna fita gari ya sa baki a kunnena, murya ta dushe: "Auta, dubi yadda aka ɗaure ni. Me ya sa muka zama haka?" Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da muka isa, na kwance shi na zaunar da shi a tabarma, na koma gindin darbejiya. Ko a ranar ba a ce in zauna ba.

Ranar jana'iza Alhaji Bukar ya yi kuka kamar yaro, sai da aka riƙe shi. Ni idona ya bushe. Ina tsaye a bakin kabari, Allah ya yafe mini, abin da ke raina shi ne har kukan ma ya fi ni.

Bayan sadakar bakwai Yaya Rabi ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini mabuɗin da igiyarsa. Na riga na share wa akwatin wuri a ɗakina. Ba don zan gane abin da ke ciki ba, yawancinsa Turanci ne. Ina so ne dai a ce wani abu nasa ya tsaya a wurina.

Ta ƙi haɗa ido da ni. "Ya ce akwatin na Alhaji Bukar ne. Ya ce kai za ka kai masa, a babur, ranar kasuwa."

Na ɗauki akwati na kai ɗakina na ajiye a wurin da na share. Kasuwa ta ci, ban je ba. Ta sake ci, ban je ba. Mabuɗin na aljihuna, ban buɗe ba, kuma ban kai ba. Nakan zauna in dube shi in ce, shekara ashirin da biyu ina ɗaukar mutumin nan, a rana, a ruwa, yanzu kuma in ɗauki gadon in kai wa wani. Sai da Yaya Rabi ta tare ni a soro ta ce, "Sule, amanar mamaci ce fa," sannan na nemo igiya.

Alhaji Bukar na zaune a gaban rumfa, ya rame. Da ya hango akwatin sai ya yi murmushi. "Direba. Ya ce kasuwa biyu za ka tsallake, ta uku ka zo. Ga shi kuwa."

Na sauke akwati, na ɗora mabuɗi a kai, na juya.

"Ina za ka? Zagayo nan."

Ranar aka fara kirana in zauna a bayan buhunan nan. Wurin ma ba wani abu ba ne: tabarma ɗaya, buta, da inuwa. Ya nuna mini inda Yaya ke zama, na zauna a gefe.

Ya ce, "Ni ina zan kai wannan kaya? Ban iya boko ba. Ko sunana da ajami nake rubutawa."

"To me kuke yi a nan duk shekarun nan?"

"Kai muke yi."

Na dube shi.

"Wallahi kai muke yi. Ni Iran ɗin nan har yau ban san ko gabas take da Makka ko yamma ba. Zai zo ya zauna, ko gaisuwa ba mu gama ba, ya ce, 'Bukar, yau Auta ya ce kaza a hanya. Me za mu ce masa?' Mu yi ta juya maganar har la'asar. Wani lokaci mu samo amsa, ya tafi da murna, mako mai zuwa ya dawo ya ce ka rushe ta tun kafin ku kai gada, kai ba ka ma san ka yi ba. Kai ne fa ka hana shi digiri."

"Ni?"

"Mai alfadari. Daga Toranke ya zo nan a rikice, ya ce, 'Bukar, na gama aiki, yaron nan ya ɓata mini shi da tambaya ɗaya. Ba zan kai wa mutane kundin da ƙanena ya huda ba.'"

Na ce, "Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

"Na ce ya gaya maka, ya fi sau nawa. Ya ce ranar da ka san ana rubuta maganarka, za ka fara magana irin ta masu ilimi, shi ke nan ka lalace."

Ya turo mini mabuɗin da yatsa. Na buɗe. Ɗinkakkun takardu ne cunkus, na ɗaga su, a can ƙasa sai ga shuɗin bango. Duk goma sha biyun. An rubuta su da biro, da Hausa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda yake yi wa 'yan aji ɗaya a allo. A bangon kowanne: "Amsa ga Auta." Shafin farko tambayata ce ta Toranke, yadda na faɗe ta, har da haushin. Na buɗe wani wurin na ga, "Yajin goro: mutum ɗaya ya riƙe, kuma ba ni ba ne." Goma sha ɗaya sun cika, na ƙarshen ya tsaya a rabi.

Kukan da bai zo a maƙabarta ba, a bayan buhunan gyaɗa ya same ni. Alhaji Bukar ya juya baya yana gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi, har na gama.

Sannan na ce, "To tunda nawa ne, me ya sa ya bar maka?"

Ya ce, "Na tambaye shi, ranar da ka goyo shi. Ya ce in ya bar maka, za ka tura ƙarƙashin gado ka ja ƙofa, ka yi ta baƙin cikinka kai kaɗai. In ya bar mini, kishi zai kawo ka duk mako ka ga abin da nake yi da shi. Ni ga akwati ba ido, kai ga ido ba akwati. Ya ce mu ƙarata."

Haka muke yi. Duk ranar kasuwa ina zuwa in karanta masa shafi biyu ko uku. Muna littafi na huɗu yanzu. Wani lokaci ya yi gyangyaɗi, wani lokaci ya tsaya kai da fata yana kare Yaya, ni kuma in ce amsar ba ta yi ba, don wasu amsoshin gaskiya ba su yi ba. Akwatin a rumfarsa yake kwana. Ya hana ni tafiya da ko littafi ɗaya.

Abu ɗaya na yi a ɓoye, yau zan faɗa. Rannan ya tafi alwala, na zaro na goma sha biyun na leƙa inda rubutun ya tsaya. Hannun ya karkace, da ƙyar na karanta: "Ina jin Auta ne ke da gaskiya. Mai alfadarin ne ya fara. Amma ba wanda ya rubuta sunansa, ya tafi ke nan. Ni zan rubuta na nawa: Sulaimanu."

Kada ku ce kishin ya tafi. Bai tafi ba. Ni muryarsa na samu, a kunne ɗaya, iska na kwashe rabi. Bukar ne ya samu fuskarsa. Shi ya ga yadda yake yi in ya ambace ni, ni ban gani ba, kuma ba zan gani ba. Har yanzu Direba yake ce mini, har yanzu yana miƙo mini goro, har yanzu ba na karɓa. In na tayar da babur zan dawo gida, nakan samu kaina na ɗan tsaya, ƙafa a ƙasa, ina jiran kafaɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Habibu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana tambaya, Allah ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi. Allah ya jiƙan mai alfadarin nan da ba wanda ya san sunansa sai Shi. Alhaji Bukar kuma Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, aƙalla har mu kai littafi na goma sha biyu. Na faɗa, kuma da gaske nake. Amin.